Yadda baƙuwa daga Amurka ta zama 'yar gidanmu

Garinmu ƙaramin gari ne a jihar Maradi, in ka sauka daga kwalta tsakanin Agie da Tasawa sai ka ƙara tafiya cikin rairayi kafin ka iso. A 2009 aka turo mana ɗaya daga cikin matasan Amurka masu aikin sa kai, 'yan Peace Corps, mu nan Kor da la Pe muke ce musu, kuma gidanmu aka damƙa wa amanarta. Lokacin ina 'yar kwalej. Yaran yanzu da yawa ba su ma san an taɓa yin wannan abu a ƙasar nan ba, wasu in na ba su labari sai su ce ai 'yan leƙen asiri ne ko masu yaɗa addini, shi ya sa nake son in faɗi abin da idona ya gani tun daga farko.

Shugaba Kennedy ne ya kafa ƙungiyar a 1961, suka shigo Nijar a 1962, wato shekara biyu kacal bayan mun samu 'yancin kai, kuma kafin a rufe shirin sama da mutum 3,000 suka yi aiki a ƙasar nan. Tsarin shi ne mutum ya yi wata biyu zuwa uku yana koyon harshe da al'ada, sannan a kai shi gari guda ya zauna shekara biyu cur.

Abin ya faro ne da zuwan wata farar mota ƙofar gidan maigari. Ma'aikacin da ya zo ɗan ƙasa ne, Bahaushe ɗan uwanmu, ya zauna da dattawa a zaure ya yi musu bayani dalla-dalla. Ya ce gari ne zai ba da ɗaki, a kewaye shi, a yi salanga da wurin wanka, ƙofa da taga su zama masu kulluwa, sannan a samu gida na mutunci kusa wanda zai riƙa sa ido a kanta kamar 'yarsa. Ya nanata magana ɗaya har sai da Baba ya haddace ta ya zo yana maimaita mana: ba kuɗi za ta kawo ba, kanta da hannuwanta kawai za ta kawo. To amma kun san mutanenmu, da an ce anasara za ta zo sai kowa ya fara lissafin furoje, wani fanfo yake hange, wani injin niƙa. Wannan lissafin ya daɗe bai fita daga kan wasu ba.

Gidanmu aka zaɓa saboda akwai kangon kawunmu jingine da katangarmu, tun da ya koma Maradi babu kowa ciki. Gaskiya Baba bai yi murna ba da farko. Damuwarsa ita ce budurwa ce, ba aure, za ta kwana ita kaɗai a gida, in wani abu ya same ta me zai ce wa iyayenta, in kuma ta zo da wata ɗabi'a ga 'ya'yansa mata a gida. Ita ko Inna tambayarta ɗaya ce, me za ta ci? Liman ne ya ce masa Malam, baƙonka annabinka, ka karɓa, Allah zai taya ka riƙo. Aka yi gayya, samari suka kwaɓa ƙasa aka yi yaɓe, aka gyara rufi, aka kafa rumfa, aka ja zana ta kewaye, aka gina salanga. Baba da kansa ya ce a fasa 'yar ƙofa ta katangar da ke tsakaninmu don kada sai ta zagaya ta waje in za ta shigo wurin Inna. Ni a ganina wannan 'yar ƙofar ta yi aikin da duk wani horo bai yi ba.

Duk wannan lokacin ita tana Hamdallaye, wajen kilomita 30 daga Yamai, inda ake horar da su, tana zaune a gidan wasu mutane tana koyon Hausa. Ta fara zuwa mana na 'yan kwanaki ta ga wuri, ta koma suka yi rantsuwar kama aiki a Yamai, sannan aka kawo ta gaba ɗaya a ƙarshen damina, gero ya fara nuna. Kayanta ba su da yawa, gadon igiya, gidan sauro, bokitin tace ruwa, ɗan risho na gas, da akwati cike da littattafai. Da motar ta juya ta tafi sai ta tsaya tsakar gida riƙe da bakin zanenta da ke neman kwancewa, yara sun cika ƙofa maƙil ana kallonta, idonta ya yi ja. Inna ta kore yaran, ta shimfiɗa tabarma, ta miƙa mata fura a ƙwarya da ludayi. An riga an gargaɗe su a kan ruwan da ba a tace ba, na ga ta ɗan yi jim tana kallon ƙwaryar, sai ta ce bismilla ta sha. Cikinta bai ji da daɗi ba kwanakin da suka biyo baya. Tun daga nan Inna ta ɗauki wata al'ada da ba wanda ya sa ta, kullum in za ta dama fura sai ta aike ni in ɗebo ruwa daga bokitin tacewar, ta dama nata daban a 'yar ƙwarya ta rufe da faifai. Har ta bar garin ba a fasa ba.

Maganar suna kuwa Allah ne ya haɗa. A Hamdallaye ana raɗa wa kowannensu suna irin namu, da Baba ya tambaye ta sunanta sai ta faɗi sunan mahaifiyarsa marigayiya. Ya yi shiru, sannan ya ce ashe uwata ce ta dawo. Bai taɓa kama sunan ba, Uwata yake ce mata, Inna ma ba ta iya faɗin sunan surukarta sai ta riƙa cewa ɗiyata, mu kuma yara muka ce Yaya. Ni har yau Yaya nake ce mata.

Watannin farko ba a son su fara wani aiki, ana son su zauna cikin gari su san mutane, harshe ya zauna a baki. Inna ta ce to aikin farko gaisuwa. Kullum da safe kafin in tafi lakwal, wato makarantar boko, ni ke raka ta, mu fara da gidan maigari, mu biya gidan liman, gidan ungozoma, gidajen tsofaffi. Ina kwana, ina gajiya, ina gida, ina aiki, ita kuma tana lafiya lau, babu gajiya, aiki da godiya, tana durƙusawa yadda Inna ta koya mata. Tana da wani ɗan littafi a aljihun jaka, duk kalmar da ta ji sai ta rubuta, da dare ta zo da fitila ta zauna kusa da murhu tana tambaya. Yara ƙanana su ne manyan malamanta don su ba sa gajiya da maimaitawa kuma ba sa jin nauyin gyara mata. Ta koyi daka har hannunta ya yi kanta, ta koyi jan guga a rijiya, ɗaukar tulu a ka ne dai bai taɓa yi mata ba sai da hannu biyu.

Abinci ya so ya kawo matsala. Tuwon dare tare da mu take ci, sai ta ga bai kamata ta riƙa ci a banza ba, ƙarshen wata ta ƙullo kuɗi ta kai wa Baba. Ransa ya ɓaci sosai, ya ce a gidan nan ba a sayar wa baƙo tuwo balle uwata. Ta fito jiki a sanyaye ba ta san laifin da ta yi ba. Inna ce ta ja ta ɗaki ta ce mata ɗiyata, ba haka ake yi ba, ran kasuwa in kin je ki riƙo abin miya kamar yadda 'ya take riƙo wa uwarta. Shi ke nan, duk ran kasuwa sai ta dawo da mai, albasa, tattasai, sabulu, wani lokaci tiyar shinkafa, da goro na Baba. Goron yana karɓa da hannu biyu yana sa mata albarka.

Akwai abubuwan da mu ma sai a hankali muka gane. Wani lokaci da rana sai ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa ita kaɗai, ba barci ba, karatu kawai ko rubuta wasiƙa. A wurinmu mai rufe ƙofa da rana ko ba shi da lafiya ko fushi yake, sai Inna ta yi ta aika mu a duba ta, ita kuma abin yana takura ta ba ta iya faɗi ba. Da Hausarta ta yi ƙarfi ta yi wa Inna bayani cewa a can haka suke hutawa, aka yi yarjejeniya, in ta saki labule bayan azahar ba mai shiga sai la'asar. Masu roƙo kuma Baba ya tare su, don a farko ba ta iya fita ba tare da wani ya ce ba ni agogonki, ba ni magani, kai ni Amurka ba. Ya faɗa a masallaci bayan sallar magariba cewa duk mai buƙata wurin baƙuwarsa ya biyo ta wurinsa. Abin ya ragu ƙwarai.

Ranar da na san ta zama 'yar gida ita ce ranar da Inna ta yi mata faɗa. Ta tafi wani ƙauye kusa da mu a ƙafa ba ta sallami kowa ba, har aka yi isha'i ba ta dawo ba, Baba ya tura yayyena da tocila suka bi hanya. Da ta shigo Inna ba ta amsa sallamarta ba, ta rufe ta da faɗa kamar yadda take yi mana, ke wace irin yarinya ce, in kura ta cinye ki me zan gaya wa uwarki, ko don kin ga ba ni na haife ki ba? Yaya ta fashe da kuka ta ce Inna ki yi haƙuri ba zan ƙara ba. Kuma ba ta ƙara ɗin ba, ko Maradi za ta je gidan da suke sauka sai ta zo ta durƙusa ta ce Inna zan tafi, rana kaza zan dawo.

Aikinta yawanci a likita ne, wato asibitin gari, da lakwal. Ranar awon yara tana taya ma'aikacin lafiya, ana rataya yaro a sikeli, ana zagaya masa wannan 'yar igiyar awo mai launi uku a dantse, in ta faɗa ja, wato ƙasa da santimita 11.5, an san tamowa ta yi tsanani sai a tura shi babban wuri. Tun 2006 gwamnati ta ce maganin yara 'yan ƙasa da shekara 5 kyauta ne amma mata da yawa ba sa kai yara sai ciwo ya ci ƙarfi, ita da ungozoma suka riƙa bi gida-gida. Ta koya wa mata kunun gero da ake ƙara wa garin ƙuli-ƙuli da wake, da ruwan gishiri da sukari na gudawa. Ba duka ne ya yi ba. Lambun mata da ta sa rai a kansa ya mutu a bazara da ruwan rijiya ya ja baya, ta yi kwanaki ba ta da walwala. Abin da mata suka karɓa daga bakinta sun karɓa ne don sun san ta a bakin turmi da gidan suna, ba don takarda ba. Maganar addini kuwa ba ta taɓa tayar da ita ba, in an kira salla ma ita ke cewa ku tashi kun ji kira.

Sai 2010 ta zo. Daminar 2009 ba ta yi kyau ba, a wurare da yawa gero bai kai ko'ina ba. Ran 18 ga Fabrairu sojoji suka kifar da shugaban ƙasa Tandja Mamadou, Salou Djibo ya hau, kuma sabuwar gwamnatin ba ta ɓoye ba ta fito ta ce akwai yunwa, aka ce wajen mutum miliyan 7 abin ya shafa. Mu ba mu buƙaci rediyo ya gaya mana ba. Kafin ruwa ya sauka rumbunmu ya ga ƙasa, yayyena biyu suka bi ta Jibiya suka tafi cin rani Kano, tiyar gero ta yi tsadar da ba a saba ba, muka koma cin abinci sau ɗaya, shi ma rabinsa ganyen tafasa ne da zogale. Inna ta shiga wata dabara, sai ta tuƙa ɗan tuwo mai kyau ta zuba a kwano ta ce in kai wa Yaya ɗakinta, wai zafi ya yi yawa ta ci can ta huta. Nufinta kada baƙuwa ta ga abin da ke cikin akushinmu. Ba a daɗe ba Yaya ta gane. Wani dare ta biyo ni ta 'yar ƙofar nan riƙe da kwanon, ta zo ta juye tuwon cikin kwanon yara, ta wanke hannu ta zauna ta sa hannu cikin kwaɗon tafasar da muke ci. Inna ta ce ɗiyata ba ki iyawa. Ta ce Inna, in ni ɗiyarki ce abin da kika ci shi zan ci. Ba wanda ya ƙara magana, Inna ta juya baya tana gyara wutar da ba ta buƙatar gyara.

Ta riga ta koyi darasin kuɗin da ta kai wa Baba, saboda haka wannan karon Inna ta fara tambaya yadda za a yi. Ɗan alawus ɗin da ake ba su ba wani mai yawa ba ne, amma ya isa buhu. Aka kawo buhun gero a amalanke bayan isha'i ba wanda ya gani, ta je ta ce wa Baba ta sayi abincinta na damina amma ɓeraye sun dame ta a ɗaki, tana roƙon a ajiye mata a ɗakin Inna. Baba ya san komai. Ya ce to Uwata, Allah ya rufa miki asiri duniya da lahira. Daga buhun nan Inna ta riƙa ɗiban na maƙwabta ma a ɓoye. Abin da ya fi ci wa Yaya rai shi ne ba ta iya ciyar da gari duka, tana dawowa daga awon yara ta zauna ta yi tagumi, Inna ta ce mata ke ba Allah ba ce, yi abin da hannunki ya kai.

Azumin shekarar ya kama cikin Agusta, ana tsakiyar noma ga ciki ba nauyi. An gaya mata ba dole ba ne a kanta, ta ce ba ta iya shan ruwa a gaban mutanen da ke dawowa daga gona da ƙishi, ta yi wasu kwanaki tare da mu har sahur. Cikin watan ne jaririn matar yayana ya rasu da zazzaɓi. Ta zauna kan tabarmar makoki cikin mata da lulluɓinta har aka share makoki, masu zuwa gaisuwa suna yi mata ya haƙuri kamar yadda ake yi wa 'yan gida, tana amsa haƙuri sai ma'aiki. Bayan wannan ban ƙara jin babba a garin ya kira ta anasara ba, sai dai yaran wasu ƙauyuka ran kasuwa.

Allah ya sa daminar 2010 ta yi albarka. Babbar Sallah a Nuwamba muka yi anko da ita, aka yi mata lalle hannu da ƙafa, aka bankare ragon layya a jikin itace kewaye da wuta yadda muke yi. Ranar ta hau tudun bayan gari inda ake samun layin salula ta kira iyayenta, ta haɗa mahaifinta da Baba tana yi musu tafinta. Baba ya ce a gaya masa ya iya tarbiyya, amanarsa tana nan lafiya, in wa'adi ya cika zai mayar masa da ita da hannunsa.

Wa'adin bai cika ba. Daren 7 ga Janairun 2011 'yan bindiga suka sace wasu samari biyu 'yan Faransa a wani gidan abinci cikin Yamai, washegari aka kashe su wajen iyakar Mali. Baba ya ji a rediyo, ya yi salati, amma ba mu kawo cewa abin zai iso ƙofarmu ba tunda tsakaninmu da Yamai ya fi kilomita 600. Bayan 'yan kwanaki aka kira ta a waya aka ce ta haɗa abin da za ta iya ɗauka, mota na zuwa, an dakatar da shirin a duk ƙasar. Su 98 ne a lokacin, aka kwashe su zuwa Maroko. Ban ga laifin waɗanda suka yanke hukuncin ba, 'ya'yan mutane ne a hannunsu. Amma wallahi abin ya zo mana kamar mutuwar farat ɗaya.

Daren ba a yi barci ba, ga ɗari ga hazo. Ta raba kayanta, gadon na Baba, tukwane da risho na Inna, littattafai nawa, bokitin tace ruwa ta ce a ba matar yayana saboda yara. Da asuba ta ce sai ta zaga gaisuwa, muka bi gidajen nan da muka saba bi, kowane gida tana cewa ku yafe mini, tsofaffi suna cewa ba ki yi mana komai ba sai alheri, Allah ya kai ki lafiya, Allah ya ba ki miji nagari. Ungozoma ta riƙe hannunta ta ce sabo ake yi wa kuka. Da motar ta zo Inna ta ƙi fitowa, Yaya ta shiga ɗaki ta same ta, ban san abin da suka faɗa wa juna ba har yau, ta dai fito da ƙullin gyaɗa da zanen Inna na saƙi a hannu. Baba ya raka motar da ƙafa har bayan gari yana addu'a, bai dawo gida ba sai azahar.

Shirin bai dawo Nijar ba har yanzu, kuma tsakanin gwamnatocin biyu abubuwa sun canza sosai, sojojin Amurka ma sun fice a 2024. Ita dai ba ta yanke ba. Da farko kira take yi a wayar yayana, daga baya da na zo Maradi karatu muka haɗu a Facebook, yanzu kuma saƙon murya take turowa ta WhatsApp in kai wa Inna in na je gida. Da Baba ya rasu ta kira tana kuka har ba a jin maganarta. Hausarta ta ɗan gudu, tana laluben kalmomi, amma gaisuwa ba ta ɓace mata ko ɗaya ba, kuma duk Sallah sai ta bi mutanen gari da suna tana tambaya wa ke nan wa ya rasu. Ta yi aure ta haifi 'ya mace. Inna ta ce jikarta ba za ta tashi ba ta san miyar kuka ba, ta sa an daka kuka da yaji, an ƙulla daddawa, ta haɗa da 'yar atamfa da kilishi. Kilishin na ce a cire don ba a barin nama ya shiga Amurka, ta yi ta mita amma ta yarda. Sauran na wurina a Maradi, ina ta cigiyar mai tafiya.